Likita ya ce a yi min aikin hanci, maigida ya ce in dakata. Ku ba ni shawara

Maman Ummi Mai Turare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a yi min afuwa rubutun zai ɗan yi tsawo. Na daɗe ina fama da wannan ciwon da ake cewa sainos, hanci a toshe kullum, majina mai kauri wani lokacin har kore-kore tana gangara min ta maƙogwaro, ga nauyi a kumatu da goshi, in na sunkuya kamar fuskar za ta faɗo, sujada ma sai a hankali. Da in hunturu ya wuce sai ya lafa, yanzu kam babu rani babu damina. Abin da ya fi ɗaga min hankali na daina jin ƙamshi, kuma kun san sana'ata turaren wuta da humra, yanzu in na yi haɗi sai na kira ƙanwata ta shinshina min ta ce ya yi ko bai yi ba. Na je wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya zura min wata 'yar kyamara ya ce akwai tsiro a duka ɓangarorin biyu, aka yi hoton CT, ya duba ya ce aiki za a yi. Maigida ya ce in dakata tukuna, surukata kuma ta ce ita ba ta taɓa jin an kai wuƙa fuska saboda mura ba. Dan Allah wanda aka taɓa yi wa ko ya san wanda aka yi wa ya gaya min gaskiya, ana warkewa? Ƙamshin yana dawowa?

Ummu Haidar: Allah ya ba ki lafiya Maman Ummi, ya sa kaffara ne

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara sauƙi Hajiya. Bari masana su zo

Abban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ni an yi min kuma wlh ban yi nadama ba. Ba a yanka fuska fa, ki gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, ta cikin hanci suke bi da kyamara, ko tabo babu. An yi min allurar barci na farka na ji an cusa min abu a hanci, daren nan kam na sha wuya don da baki nake numfashi har harshena ya bushe ƙayau, da aka zare abin kuma na ga taurari. Amma bayan nan? Ni da matata ke tashina cikin dare saboda munshari, yanzu sai dai ni in tashe ta. Ki je kawai.

Hajiya Bintu: Abban Khalifa kada ka ce mata ta je kawai. Ni ma an yi min, irin nata ne sak, tsiro a hanci biyu. Na ji daɗi da farko har na yi sadaka, ƙamshin girki ya dawo, amma ba a je ko'ina ba tsiron ya sake fitowa, yanzu ga ni nan kusan inda na baro, kuɗi sun tafi. Babu wanda ya zaunar da ni ya ce min abin nan yana dawowa. Nidai ban ce kar ki yi ba, amma ki shiga da idonki a buɗe.

Abban Khalifa: Hajiya to ai jiki ya bambanta

Hajiya Bintu: Shi ya sa na ce kar ka ce mata kawai

Gidan Magani Na Asali: Hajiya ba sai an yi miki tiyata ba, muna da haɗin shaƙe da man habbatus sauda da tafarnuwa, kwana bakwai tsiron zai narke ya fito da kansa da yardar Allah, muna turawa ko'ina, ki yi min magana ta inbox

Admin: Malam mun hana talla a nan, wannan ne gargaɗi na ƙarshe.

Ɗan Fagge: Admin ai da an bar shi, ba duka maganin gargajiya ne ƙarya ba, kakanninmu da me suka rayu

Nas Hauwa: Ɗan Fagge habbatus sauda a sha ta babu wanda ya hana, amma tafarnuwa a cikin hanci ƙona fatar ciki take yi, majinar da take zubowa bayan an cire ta ba ciwon ne ke fita ba, hancin ne ke kuka. Mun sha karɓar mutane da ɓallin tafarnuwa ya maƙale musu. Maman Ummi kafin a kai ga maganar aiki, me da me kika yi amfani da shi zuwa yanzu? Ki lissafo duka har na kemis.

Maman Ummi Mai Turare: Anti Hauwa Augmentin dai in abin ya tashi sai in aika a sayo, sai Otrivin shi kam yana cikin jakata kullum don in ban ɗiga ba ba na barci, sai sirace da Robb. An taɓa rubuta min wani na fesawa Avamys na yi kamar sati ban ga komai ba na ajiye, ga tsada

Nas Hauwa: To ga wani ɓangare na matsalar nan. Otrivin ba a wuce kwana biyar zuwa bakwai da shi, in aka zarce hancin sai ya saba, da ƙarfin maganin ya sake sai ya kumbura fiye da da, ki sake ɗigawa, haka za a yi ta zagaye. Shi kuma Avamys ɗin da kika ajiye shi ne na gaskiyar, amma ba ya aiki irin na Otrivin, sai an jera makonni kullum kullum kafin a ga amfaninsa. Bari in kira Dokta ya zo ya yi bayani da kyau.

Dokta A.: Salam. Na karanta. Ban gan ki ba kuma ban ga hoton ba don haka abin da zan faɗa na gama-gari ne, likitan da ya duba ki shi ke da ta cewa. Amma bari in shimfiɗa yadda abin yake don ke da maigida ku san me kuke yanke hukunci a kai.

A cikin ƙasusuwan fuska akwai ramuka masu iska, kashi huɗu ne kowanne hagu da dama: na kumatu, na goshi, na tsakanin idanu, da wani can ciki bayan hanci. Kowanne yana yin majina kaɗan kullum tana fita ta wata 'yar ƙaramar kafa zuwa hanci. In fatar ciki ta kumbura kafar ta toshe, majina ta taru, sai ciwo. Kamar kwata ce, in ta toshe ruwa ya kwanta ya yi wari. Aikin da ake yi fasa toshiyar ne da faɗaɗa hanyar da kwashe tsiron. Amma abin da ke sa fatar kumbura tun farko, ko alaji ne ko ƙura ko hayaƙi ko yanayin jikin mutum, wuƙa ba ta cire shi. Shi ya sa Abban Khalifa da Hajiya Bintu duk gaskiya suka faɗa. Babban amfanin aikin ga mai tsiro shi ne hanya ta buɗe yadda ruwan wanki da maganin fesawa za su isa ciki, to wanda aka yi wa aiki ya ajiye fesawa da wanki, tsiron na nan tafe. Wani ma yana yin komai daidai ya dawo masa.

Mu a wajenmu in alamomin sun kai sati 12 ba su ɗauke ba muna kiransa mai naci. In kuma yana zuwa yana tafiya sarai, sau huɗu ko fiye a shekara, wannan wani rukuni ne daban. Naki da tsiro da rashin jin ƙamshi na farkon ne. Kuma a ƙa'ida kafin a ce aiki ana so a ga an gwada magani yadda ya kamata ya gaza, wato fesawa kullum na tsawon wata biyu zuwa uku, wankin hanci da ruwan gishiri, wani lokacin da gajeren zango na ƙwayar rage kumburi prednisolone. Daga abin da kika lissafa ba a yi wannan ba tukuna. Sai dai ko likitan ya ga wani abu a hoton da ya sa ba zai jira ba, shi ya sa ki koma ki tambaye shi kai tsaye: me ka gani da ya sa magani ba zai wadatar ba?

Hajiya Bintu: Dokta wlh da an yi min wannan bayanin. Ni fesawar ina gama kwalba biyu aka ce na warke na daina

Dokta A.: Hajiya ki koma a sake duba ki, ba lallai sai an sake aiki ba, tunda hanya a buɗe take magani yana iya kama shi yanzu.

Baban Yara: Ni fa ku yi haƙuri, likitocin yanzu da ka shiga asibitin kuɗi da ciwon kai sai a ce tiyata. Ƙanina haka aka ce masa sainos ne, aka yi hoto aka ce ƙashin tsakiyar hancinsa ya karkace sai an gyara, Allah ya taimake shi bai da kuɗin, ashe ciwon kan ɓari guda ne, wani likitan ya ɗora shi a magani shikenan. Da yana da kuɗi da an fasa masa hanci a banza.

Dokta A.: Baban Yara wannan yana faruwa, ba zan musa ba. Da yawan masu cewa sainos na damunsu saboda ciwon goshi da na bayan ido, in hancinsu a buɗe yake babu majina suna jin ƙamshi, sau da yawa ciwon kan ɓari guda ne. Kuma karkacewar ƙashin hanci mutane da yawa suna da ita ba ta dame su da komai ba. Hoto kaɗai ba a yin aiki a kansa, ko mai mura ta kwana uku aka yi wa CT za a ga ramukan sun yi duhu. Amma ita an ga tsiro da kyamara kuma ƙamshi ya ɗauke, ba labari ɗaya ba ne da na ƙaninka.

Baban Yara: To nidai ta nemi likita na biyu

Nas Hauwa: Wannan kam na yarda da kai. Akwai sashen ENT, wato na kunne da hanci da maƙogwaro, a asibitin Malam Aminu Kano, akwai Shika, akwai cibiyar kunne ta ƙasa a Kaduna su aikinsu kenan kunne hanci maƙogwaro. Ki ɗauki hoton naki da kansa ba takardar sakamako kaɗai ba, don likitan tiyata da idonsa yake son gani. Layi ne dai sai haƙuri, ki yi sammako.

Zinariyar Damagaram: Sannu Maman Ummi. Mu nan Zinder likitocin kunne da hanci ORL muke ce musu. Ni tawa daban ce, hanci guda ne kawai na dama, da wani wari da ni kaɗai ke jinsa kamar abu ya ruɓe, na sha magani har na gaji, ashe haƙorin sama ne na can ƙurya ya ruɓe saiwarsa ta huda cikin ramin kumatu. Da aka yi maganin haƙorin aka wanke wurin magana ta ƙare. Ki sa a duba miki haƙora ma.

Maman Ummi Mai Turare: Ikon Allah, haƙori kuma? Nawa dai lafiyarsu ƙalau amma zan faɗa

Injiniya Sabo: Ni a Khartoum na yi karatu, can akwai wani nau'in sainos da suke yawan gani na fangas, wato fumfuna, wani abokin zamanmu sai da idonsa ɗaya ya fara turowa waje kafin aka gane. Likitocin can sun san shi sosai. Dokta shi ma ana jiran wata uku?

Dokta A.: A'a Injiniya, ka taɓo muhimmin abu. Sudan an san ta da wannan, yawanci Aspergillus flavus ne, shi ne dai fumfunar da ke kama gyaɗa da masara in ba su bushe da kyau ba, kuma mu ma nan arewa muna ganinsa. Shi yana taruwa ne ya yi dunƙule mai kauri a cikin ramin, babu ƙwayar da za ta fito da shi sai an shiga an kwashe. To akwai wuraren da ba a jira: in abin ɓangare ɗaya ne kawai musamman da jini, in ido ya kumbura ko ya turo ko mutum na ganin abu biyu-biyu, in ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Sai masu ciwon suga da bai daidaita ba, su akwai wani fangas ɗin mai cin nama cikin kwanaki, wanda ya addabi Indiya a 2021 lokacin korona. Waɗannan asibiti ne a ranar, ba group ba.

Ummu Haidar: Innalillahi. Allah ya tsare mu

Kawu Ɗanlami: Ni dattijo ne a nan, bari in faɗi abin da ya sa surukarki take tsoro don ba laifinta ba ne. Yayana an yi masa aikin nan tun zamanin da, ta ƙarƙashin leɓen sama aka yanka dasashi aka fasa ƙashi, fuskarsa ta kumbura suntum, kuma har ya koma ga Allah gefen kumatunsa a mace yake ba ya jin taɓi. Wanda ya ga wannan dole ya ce a dakata.

Dokta A.: Allah ya jiƙansa Kawu. Wancan tsohon aikin ne, Caldwell-Luc, tun wajen 1893 aka fara shi, yanzu ba a cika yinsa ba sai da dalili na musamman. Na kyamara daga garin Graz na ƙasar Ostiriya ya taso, ya bazu a duniya a shekarun 1980. Amma kada in yi muku daɗin baki, shi ma yana da haɗarinsa. Ƙashin da ya raba ramukan nan da ido siriri ne ƙwarai, rufinsu kuma shi ne daɓen ƙwaƙwalwa. Ana iya samun zubar jini, ana iya taɓa ido, ana iya huda sama ruwan ƙwaƙwalwa ya riƙa ɗiga ta hanci. Ba kasafai ba ne, amma yana cikin takardar da za ki sa wa hannu. Don haka ba rashin kunya ba ne ki tambayi likita yana yawan yin irin wannan aikin? Da kyamara zai yi? Wa zai riƙa duba ki bayan an gama?

Alhaji Na Madina: Hajiya in da hali ki wuce Masar ko Indiya kawai a yi miki a huta, kayan aikinsu ba ɗaya ba ne

Nas Hauwa: Alhaji ranka ya daɗe aikin nan rabinsa bayan an fito ɗakin tiyata ne. Sai an yi ta dawowa ana zura kyamara ana zuƙe ɓawon jini da majinar da ta bushe, in ba haka ba wurin ya manne ya sake toshewa. Wanda ya je Alƙahira ya dawo bayan kwana goma wa zai yi masa wannan? Sai ya zo nan yana neman likitan da zai karɓi aikin da ba shi ya yi ba. In za a fita to a shirya da likitan gida tun kafin a tafi.

Alhaji Na Madina: To ai ni ban san da wannan ba, na ɗauka kamar cire haƙori ne

Maman Ummi Mai Turare: Dokta na gode Allah ya saka da alheri. Tambayata ta biyu fa, ƙamshin? Don wlh toshewar zan iya jurewa, wannan ne abincina. Hawi da gabgab da sandal in ba ka ji da hancinka ba za a sayar maka da itacen banza an shafa masa turare a sama, kuma ba kullum ƙanwata take kusa ba

Dokta A.: Babu likitan kirki da zai yi miki alkawari. Wurin jin ƙamshi can saman hanci yake, in tsiro da kumburi ne suka tare iska ba ta isa ba, to in an buɗe yakan dawo, wasu sosai wasu rabi. In kuma jijiyar ce ta gaji saboda daɗewa ko wata mura mai ƙarfi ta taɓa ta, aiki ba zai dawo da shi ba. Akwai alama ɗaya da muke dubawa, in aka ba ki prednisolone na 'yan kwanaki ƙamshin ya leƙo ko da na ɗan lokaci ne, to jijiyar na da rai, akwai fata. Amma dan Allah kada wani ya karanta wannan ya tafi kemis. Dangin maganin nan ne wasu mata ke sha don ƙiba, yana tada suga da hawan jini yana cin ƙashi, likita ne zai auna ki ya rubuta ya kuma ce ga ranar dainawa.

Ni ma ina da tambaya. Kina da asma? Kuma in kin sha aspirin ko ibuprofen ko diclofenac yaya kike ji?

Maman Ummi Mai Turare: Asma kam ina da ita amma ba tun yarinta ba, bayan haihuwar Ummi ta fara, ina da inhela. Ibuprofen kuma na daina sha don in na sha ƙirjina ke riƙewa hanci ya yi ta zuba, ko Alabukun ba na iya sha. Na ɗauka ulsa ce

Dokta A.: To wannan ki rubuta shi a takarda ki kai wa likitanki, da mai allurar barci in an kai ga aiki. Asma da ta zo da girma, tsiron hanci, da rashin jituwa da aspirin, ukun nan tare ciwo ɗaya ne da aka sani, Alabukun kuwa aspirin ne a cikinsa. Masu wannan su ne tsiron ya fi yi wa naci, sun fi kowa buƙatar aiki kuma sun fi kowa ganin ya dawo. Ba ina nufin kada a yi ba, sau da yawa in an gyara hancin asmar ma takan yi sauƙi. Ina nufin ki ɗauka cewa fesawa da wanki sun zama abokan zamanki ko an yi aiki ko ba a yi ba. Akwai wata allura dupilumab da Amurka ta amince da ita don tsiron hanci a 2019, tana aiki amma kuɗinta ba na talaka ba ne, ba na mai rufin asiri ba ma. Paracetamol ki tambayi likitanki, yawanci shi ake bari.

Baban Yara: To kun gani, asma ga hayaƙin turare kullum. Hajiya ki bar sana'ar nan kawai lafiya uwar jiki

Maman Ummi Mai Turare: Baban Yara in bari in ci me? Da ita nake biyan kuɗin makarantar yara uku, gadonta na yi wajen kakata a Maiduguri

Ya Falmata: Kar ki bari 'yar uwa, gyara za ki yi. Ni ma ita nake yi. Suyar itacen da sukari ita ce mai hayaƙin, ki fitar da ita tsakar gida ki sa yarinya ta riƙa juyawa ke kina daga nesa ta bayan iska, ki sa takunkumi mai kyau ba na yadi ba. Gwajin garwashi kuma a daina yi a ɗaki a rufe. Humra ai jiƙo ce ba ta da hayaƙi sai dai ƙarfin turaren. Kuma ɗakin kwananki ki hutar da shi, na san mu ba ma iya kwana ba mu turara ba amma ki gwada

Nas Hauwa: Da maganin sauro na kunnawa, shi ma a fitar. Ga yadda ake ruwan wankin tunda an tambaye ni ta inbox: ruwa rabin lita da ɗan ɗori, a TAFASA shi a bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, ɗaya na bekin soda. A zuba a robar wankin hanci, ana samu a manyan famasi, ko babban sirinji marar allura. Ki sunkuya a kan baho baki a buɗe, ki matsa ta hanci ɗaya ya fito ta ɗayan. Wanki tukuna, a ɗan jira, sannan fesawa. Wajen fesawa kuma hannun dama ya fesa hancin hagu, na hagu ya fesa na dama, bakin kwalbar ya kalli gefen kunne ba tsakiyar hanci ba, in ba haka ba ki yi ta haɓo. Kuma kar a zuƙe da ƙarfi, in kin ji ɗacinsa a maƙogwaro to ya wuce inda ake so.

Ɗan Fagge: Anti in babu bekin soda kanwa za ta yi?

Nas Hauwa: A'a!! Kanwa a miyar kuka. In babu soda gishirin kaɗai ya isa

Ɗan Fagge: To mu da muke shaƙa ruwa a alwala sau biyar ai mun riga mun wanke

Nas Hauwa: Na alwala bakin hanci yake wankewa kuma yana da amfaninsa musamman lokacin ƙura, amma ba ya kai wa can inda ake magana

Ummu Haidar: Ni tambayata sallah, an ce bayan aikin ba a sunkuyawa

Abban Khalifa: Eh ni an hana ni sunkuyar da kai da ɗaukar kaya mai nauyi da fyace hanci na wajen sati biyu, atishawa ma baki a buɗe. A zaune na yi sallah ina nuni

Malam Habu: Babu laifi a wannan, marar lafiya yana sallah gwargwadon ikonsa. Abin da zan ƙara, in ba na gaggawa ba ne a duba lokaci kada ya faɗo cikin azumi, don wankin hanci da ruwa mai yawa da rana akwai magana a kansa, mai azumi ko a alwala an ce kada ya kai matuƙa wajen shaƙa ruwa. Sannan Hajiya ki yi istihara bayan kin gama jin ta bakin likitoci. Maigida kuma kada a yi ta ja-in-ja da shi a gida, a tafi da shi asibitin ya ga hoton ya yi tambayoyinsa da bakinsa.

Hajiya Bintu: Kuma in ma'aikaci ne ku bincika inshorarku tun yanzu ko ta ɗauki aikin, a karɓo lambar amincewa kafin ranar, kada sai kin kwanta a ce ku kawo kuɗi

Maman Ummi Mai Turare: Salam 'yan uwa na dawo da bayani. Mun je ni da Abban Ummi wajen wani likitan a asibitin koyarwa, ya sake zura kyamarar ya juyo da allon ya nuna masa tsiron, wasu fari-fari kamar an jiƙa su, maigida dai shiru ya yi. Da na faɗi maganar asma da ibuprofen sai ya ajiye biro ya sake tambayata daga farko. Ya ce a ganinsa da wuya in kauce wa aikin don ramukan tsakanin ido duk sun cika, amma babu alamar fangas kuma ba gaggawa, don haka in fara wanki da fesawa na wata uku, ya rubuta min prednisolone na 'yan kwanaki, ya tura ni wajen likitan ƙirji a daidaita asmar tukuna don ya ce ba zai kwantar da ni ƙirji na ƙara ba. Otrivin ya ce in daina hanci ɗaya tukuna sannan ɗayan, daren farko ban runtsa ba. In an koma ba canji za a sa rana bayan sallah. Hajiya surukata har yanzu ba ta sauko ba, ta ce a kira wanzami ya duba ko beli ne.

Nas Hauwa: Belin nan dai a bar shi inda Allah ya ajiye shi, babu ruwansa. Ƙamshin fa, ya leƙo da kika fara ƙwayar?

Maman Ummi Mai Turare: Kaɗan Anti, jiya na ji albasa da ake soyawa a maƙwabta, turare dai tukuna

Dokta A.: Ki gaya wa likitan wannan in kin koma, zai so ya ji. In ƙwayar ta ƙare ƙamshin ya sake ɗaukewa kada ki ƙaro da kanki.

Baban Yara: Nidai har yanzu ina kan bakana, in wata ukun ya yi aiki a bar wuƙa

Abban Khalifa: In bai yi ba fa?

Baban Yara: Sai a ƙara wata uku

Hajiya Bintu: Ka ji ka, ba kai ke kwana baki a buɗe ba

Maman Sultan: Dan Allah tunda Dokta na nan, yarona shekara huɗu kullum baki a buɗe yake barci yana munshari majina ba ta yankewa, shi ma sainos ɗin ne?

Admin: Maman Sultan ki buɗe sabon post da tambayarki, na yara daban ne, kada ta nutse a nan.